Yadda Ake Rainon Matashin Marubuci Gaba da Gaba

Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a cikin birnin Zazzau ya san tsarin. Ɗalibai na zaune, kowa da littafinsa a hannu. In layi ya zo kanka sai ka matso gaban malam, ka ja baƙi, ya gyara maka inda harshenka ya karkace, ya biya maka gwargwadon abin da za ka iya ɗauka, ka tashi na bayanka ya matso. Ba a haɗa wanda ya fara jiya da wanda ya shekara goma a darasi ɗaya. Rainon marubuci ma haka yake so. Taron bita na kwana biyu yana zaburar da matasa, amma ciwon rubutun kowa daban ne, kuma ba a gano shi sai an zauna da mutum shi kaɗai da takardarsa.

Zariya ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Hukumar Talifi ta shirya ƙarƙashin Baturen nan Rupert East. Daga baya aka ɗauko shi daga Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi nan garin ya rubuta Magana Jari Ce kusa da East, yana rubutawa ana dubawa. A 1939 shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk abin da zai biyo baya: alƙalami ya zauna a hannun ɗalibi. Naka duba ne da tambaya da nuni, rubutawa kuwa tasa ce.

Kafin ka ce ka karɓe shi

Kada ka karɓi kowa da baki kawai. Ka ce ya kawo rubutunsa, shafi 3 zuwa 5 in da hannu ne, ko kalmomi kamar 1000 in a waya ne. Da yawa daga nan suke zamewa, kuma gara su zame yanzu. In rubutun ya zo, kada kurakuran ƙa'ida su tsorata ka, waɗannan ana koyonsu cikin 'yan makonni. Abin da kake nema shi ne jimla ko da guda ɗaya da ta nuna cewa yaron nan yana gani kuma yana ji: yadda ya kama maganar wata tsohuwa daidai, ko ya lura da abin da kowa ke wucewa bai gani ba.

Sai ka yi masa tambaya uku. Wane littafi ka karanta har ƙarshe a watannin nan? Ka taɓa gama wani rubutu, ko duk farawa ne? Me kake so ka riƙe a hannunka nan da wata uku? Amsar ta ukun ita ce taswirar aikinku. In ya ce littafi mai shafi 300, ka lallashe shi ya dawo kan gajeren labari ɗaya. Wanda bai taɓa kai labari ƙarshe ba, dogon littafi rami ne gare shi, zai rubuta babi huɗu ya gaji ya fara wani.

Kada ka ɗauki fiye da mutum uku a lokaci guda. Labari mai kalmomi 1500 zai ci maka kusan awa biyu wajen karatu da sa alama, ban da zaman kansa.

Yarjejeniya

Ku rubuta ta a shafin farko na littafin da zai riƙa zuwa da shi, ko da layi shida ne. Tsawon aiki mako 12. Zama sau ɗaya a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Rubutu ya iso gare ka kwana uku kafin zama, in bai iso ba babu zama. Wannan sharaɗin kamar da tsauri, amma shi ke hana zaman ya koma hira. In kai kana Samaru shi yana cikin Birni, kuɗin mota ta Kwangila da Tudun Wada har Ƙofar Doka kowane mako zai iya kayar da ɗalibi. Sai ku haɗu ido da ido mako biyu-biyu, makon tsakani ku yi ta waya na minti talatin. Asabar da hantsi ko bayan la'asar sun fi dacewa. Wurin kuma ya zama inda za a iya ɗaga murya a yi karatu. Cikin laburare, ko da irin na Kashim Ibrahim ne a Jami'ar Ahmadu Bello, wurin shiru ne, don haka inuwar bishiya ko zaure ko ajin da ba kowa sun fi.

Maganar kuɗi a yi ta tun ranar farko, kyauta ne ko da biya, kuma nawa. A rubuta cewa labarin na ɗalibi ne shi kaɗai, sunanka ba zai hau bangon ba, kuma ba za ka nuna wa kowa ba sai da yardarsa.

In ɗalibar mace ce kai kuma namiji, ko ɗalibin bai kai shekara 18 ba, ka je ka gaida iyaye ka faɗa musu abin da za a yi. Zama a zauren gidansu ko falo ƙofa a buɗe, ko ta zo da ƙaninta. Matar aure sai da iznin maigidanta. In akwai marubuciya da ta ƙware, haɗa su ya fi komai sauƙi. Ba a tura saƙo bayan sallar isha'i, daga kowane ɓangare. Mutuncin yarinya da naka sun fi kowane labari tsada.

Yadda za ka karanta rubutun

Sau uku. Karo na farko ka ajiye biro, ka karanta kamar wanda ya sayi littafin da kuɗinsa. Ka lura da inda hankalinka ya tafi wani wuri, da inda ka matsu ka ga abin da zai faru. Karo na biyu ka ɗauki fensir, ba jan biro ba, domin jan biro jarrabawa yake tuna wa yaro. Alama huɗu sun isa, kuma ka koya masa su tun zaman farko: layi a ƙarƙashin jimla yana nufin wannan ta yi, alamar tambaya a gefe tana nufin ban gane ba, baka biyu suna nufin gwada cire wannan ka gani, zagaye kuma kuskuren ƙa'idar rubutu ne. Zagayen nan a shafin farko kawai za ka yi shi, sauran shafukan shi zai bi ya nemo irinsu da kansa. Karo na uku ka zaɓi matsala biyu, ba ƙari. Za ka ga goma, amma in ka zube masa goma ba zai gyara ko ɗaya ba, zai dai koma gida da sanyin jiki. A fara da manya: ginin labari da taurari. Ado da salo su jira. Ba a shafe ɗakin da katangarsa ta karkace.

Zaman kansa

Bayan gaisuwa, abu na farko da zai fito bakinsa shi ne, "Malam, yaya ka ga labarin?" Kada ka amsa. Ka ce, "Bari mu ji shi daga bakinka tukuna." Ya karanta shafi biyu da murya, minti goma zuwa sha biyar. Wannan shi ne makami mafi kaifi da kake da shi. Inda numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi tsawo. Inda ya yi tuntuɓe, akwai kalmar da ba ta zauna ba. Sau da yawa za ka ji bakinsa ya faɗi abin da ba shi ne a takarda ba, kuma na bakin ya fi daɗi. Ka tsayar da shi nan take: "Maimaita abin da ka faɗa yanzu. To, shi za ka rubuta."

Daga nan ka tambaye shi wane wuri ne shi kansa bai gamsu da shi ba. Yawanci yatsarsa za ta sauka kusa da inda ka sa alama, kuma gyaran da mutum ya gano da kansa ya fi zama. Sannan yabo, amma mai adireshi. "Ka yi ƙoƙari" ba ya koyar da komai. Ka ce, "Wurin nan da uwar ta ƙulle kuɗin a bakin zani ta ce ba ta da ko sisi, sai da na koma na sake karantawa." Yanzu ya san abin da zai ƙara yi.

Matsalolin nan biyu ka kawo su da sigar tambaya. Maimakon "tauraruwarka ba ta da rai", ka ce, "Me yarinyar nan take so a shafin nan, kuma wa ya hana ta?" In ya yi shiru, ka bar shirun ya yi aiki, kada ka cike masa. Minti goma sha biyar na ƙarshe ya ɗauki sakin layi ɗaya ya sake rubuta shi a gabanka, kai kuma ka kau da kai. Kafin ya tashi, ya rubuta aikin mako da hannunsa: me zai yi, kalmomi nawa, wace rana.

Cututtukan da za ka fi gamuwa da su

Na farko shi ne ba da rahoto maimakon nunawa. Ɗalibi zai rubuta: "Talatu ta kasance yarinya mai fama da matsanancin talauci, rayuwa ta yi mata zafi sosai." Babu kuskure a jimlar, amma mai karatu bai ga komai ba. Kada ka gyara masa. Tambaye shi: da wane lokaci ne? Tana ina a cikin gidan? Me ke hannunta? Me suka ci jiya? Daga amsoshinsa wani abu irin wannan zai fito: "Talatu ta juye ragowar garin a kwano, ta buga gindin buhun sau biyu, sannan ta ƙara ruwa a tukunya fiye da na jiya." Kalmar talauci ba ta fito ba, amma ga shi tsaye a tsakar gida. In ya yi irin wannan sau uku da hannunsa, ya kama hanya. Sai dai ka gargaɗe shi cewa ba kowane wuri ake tsayawa a nuna ba. Tafiya daga Zariya zuwa Kano da ba abin da ya faru a cikinta, jimla ɗaya ta ishe ta.

Na biyu, mabuɗi mai nauyi. Shafi biyu ana siffanta gida da kujeru da motoci, ko dogon hanci da dara-daran idanu, labari bai motsa ba. Ka ce ya nemo jimlar farko da wani abu ya faru, ya ja layi a samanta, ya karanta daga nan. Mafi yawan lokaci zai ga ba a rasa komai ba. Abin da ya zama dole daga na saman, a yayyafa shi a gaba.

Na uku, hirar taurari. Gaisuwa al'adarmu ce, amma in aka rubuta ta tun daga ina kwana har ina gajiya duk lokacin da mutum biyu suka haɗu, takarda ta cika ba a ce komai ba. "Suka gaisa" ya wadatar, sai fa in a cikin gaisuwar rikicin yake, kamar kishiyar da ta amsa a daƙile. Gwaji mai sauƙi: ya rufe sunayen da yatsa, ya karanta maka maganganun. In ba ka iya bambance direba da malamin jami'a ba, duk da muryar marubucin suke magana. Maganin wannan a kasuwa yake. Ka tura shi Kasuwar Sabon Gari ko tashar mota ya zauna minti talatin, ya kawo maka jimla goma kamar yadda suka fito daga bakin masu su, ba gyara.

Akwai kuma taurari da yawa, goma sha biyu a labarin shafi biyar. Gajeren labari uku ko huɗu yake ɗauka. Akwai warware rikici da haɗarin mota ko gadon da ya faɗo daga sama, alhali ƙarshe daga halin tauraro ya kamata ya tsiro. Akwai wa'azi a sakin layin ƙarshe, bayan labarin ya riga ya faɗi abin. Ka sa shi a baka biyu, ya karanta ba tare da shi ba.

Sai Hausar da aka yi tunaninta da Turanci. Ɗaliban jami'a sun fi fama da ita. In jimla ta yi maka baƙo a kunne, ka ce, "Da kakarka za ka faɗa wa wannan, yaya za ka ce?" Abin da ya fito shi ne Hausar.

Zazzaganci da ƙa'idar rubutu

Nan mai raino a Zariya yake da aiki na musamman. Karin harshen Zazzau bai cika bambanta jinsi ba, don haka yaro zai rubuta "mota ne", "rigan Audu", "yarinyan nan", kuma kunnensa ba zai ji komai ba, tun da haka ya tashi yana ji. Daidaitacciyar Hausa kuwa "mota ce", "rigar Audu", "yarinyar nan" take so. Kada ka nuna masa cewa harshen gidansu kuskure ne, domin ba kuskure ba ne. Ka raba masa gida biyu: muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciya, amma tauraron da aka haifa a Ƙofar Gayan yana da damar ya yi magana irin ta unguwarsu a cikin alamar zance. Hakan ma ƙarin armashi ne. Aikin gida: ya bi labarinsa ya zagaye duk sunan da ya ƙare da wasalin a, domin mafi yawansu mata ne, ya duba abin da ya liƙa musu.

Sauran ƙa'idojin a ɗauke su ɗaya-ɗaya, guda a mako. Haruffa masu ƙugiya da farko, domin kasa ba ƙasa ba ce, bari kuma ba ɓari ba ne. Ya saka Hausa a allon rubutun wayarsa, Gboard yana da ita. Sai haɗawa da rabawa: yana, suna, yakan, gidansu a haɗe, ya ce, za su, ba su, shi ne, ita ce a rabe. "A kan tebur" daban da "akan yi haka".

In waƙa yake rubutawa

Tsarin bai sauya ba, sai dai kunne ya ƙara shiga gaba. Kowane baiti ya rera shi, kada ya karanta. Inda ya ja wasali ko ya haɗiye gaɓa don ɗango, wato layin baiti, ya shiga kari, nan karayar take. Ku ƙirga gaɓoɓi tare, masu nauyi da marasa nauyi, kuna buga yatsa a tabarma. Aliyu Namangi na nan ƙasar Zazzau makaho ne, da kunne ya auna baitocin Imfiraji. A fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, baiti goma, kafin a taɓa ƙwar biyar. Ka sa ido kan kalmar da aka jawo da ƙarfi don amsa-amo kawai, ba ta ƙara ma'ana ba.

Rabon makonnin

Mako biyun farko na karatu ne da ƙananan gwaje-gwaje. Ka ba shi littafi ɗaya mai kyau, ya zaɓi shafi guda ya kwafe da hannu, ya zo ya faɗa maka yadda marubucin ya shiga fage da yadda ya fita. Mako na 3 zuwa na 6 ya rubuta zubin farko, kalmomi 300 zuwa 400 a mako, kuma a wannan lokacin ka rage suka, burin shi ne a kai ƙarshe. Mako na 7 a ajiye labarin, kada ya buɗe shi sam, ido yana bukatar ya huce. Daga na 8 zuwa na 10 gyara ne: gini, sannan taurari da hira, sannan jimloli. Na 11 ƙa'idar rubutu kaɗai. Kowane zubi a ajiye shi da kwanan wata, kuma duk daren Juma'a ya tura wa kansa kwafi ta imel. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, aikin wata biyu ya tafi.

Inda abin yake lalacewa

Mafi yawa daga mai raino ne. Ka ga jimlar da ta fi a ranka, hannunka na ƙaiƙayi, ka rubuta masa. Labarin zai yi kyau, amma bayan wata uku kana da yaron da ke rubutu da muryarka, kuma ba ya iya sakin layi sai ya tambaye ka. In dole sai ka ba da misali, ka ba da shi a kan wani abu da ba ya cikin labarinsa.

In ɗalibi ya ɓace bayan zama, yawanci gyaran ne ya yi masa yawa, ko kunya ta hana shi zuwa hannu wofi. Ka kira shi sau ɗaya: "Ɗana, ko layi biyar ka rubuta, zo da su." In bai zo ba har zama biyu, ka bar masa ƙofa a buɗe ka daina bi.

Masu sakin labari kullum a WhatsApp ko Wattpad suna da saurin hannu da sanin abin da ke riƙe mai karatu, kada ka raina wannan. Matsalar ita ce abin da aka saki ba ya gyaruwa, kuma masu sharhi ne ke juya akalar labarin. Ba sai ɗalibin ya daina ba. Ku dai ware labari ɗaya da ba wanda zai gani sai ya nuna.

In ka ji ƙamshin fim ɗin Indiya ko na Koriya, ko littafin wani, ka yi maganar kai tsaye amma a keɓe. Da yawa ba su san cewa sauya sunaye bai mayar da labari nasu ba. Ka bayyana masa cewa satar fasaha tana kashe suna, kuma doka ta hana. Wani lokaci kuma labarin duka ko cin zarafi da ke takardar ba ƙage ba ne, rayuwar ɗalibin ce. Ka saurara, kada ka matsa da tambaya, in akwai haɗari a nemi babban da ya yarda da shi a cikin dangi ko malamansa.

Mako na 12

Ka tara mutum huɗu ko biyar masu son karatu, ya karanta musu labarin daga farko har ƙarshe, kai kana gefe ba ka ce uffan. Bayan sun watse ku duba inda za a kai shi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da dama. Ku karanta sharuɗɗan shekarar tare, musamman adadin kalmomi da ranar rufewa, domin labari mai kyau yana faɗuwa a kan waɗannan. Ka nuna masa hanyar zaman karatun ƙungiyoyin marubuta irin su ANA, Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya ji bakin wasu ban da naka. In ɗab'i yake so, kada ya kai wa maɗaba'a kuɗi sai wani da bai taɓa ganin rubutun ba ya bi shi layi-layi, lambar shaidar littafi ta ISBN kuma daga Laburaren Ƙasa ake samunta.

Daga nan ka fito da shafukan nan da ya kawo ranar farko, ka ajiye su kusa da zubin ƙarshe, ya karanta sakin layin farko na kowanne. Ka miƙa masa duka takardunsa, ku sa ranar da za ku sake haɗuwa bayan wata uku, da sharaɗin ya zo da sabon labari wanda ba ka ga ko layi ɗaya daga cikinsa ba.